Guɗar da Ta Kayar da Yayan Indo

Tun da na dawo kun hana ni sakat. In na je rijiya, Rabi yaya ƙasar Ingilishi? In na tsaya daka, Rabi ina yaron da aka aike ki ɗaukowa? Hassu ma har cikin ɗaki ta bi ni, wai ta ji an ce na shiga majami'ar Nasara na yi rawa. Ban yi rawa ba, Hassu, abin da na yi ya fi rawa ban kunya. Ku gyara zama in faɗa maku sau ɗaya, wadda ba ta nan ku kai mata, don bakina ya gaji.

Kun san yayan Indo shi ne na farina, kun kuma san ba za ku ji sunanshi a bakina ba. Marigayi ubanshi yana aikin gardi, wato dogarin Nasara, a Maraɗi ya sa shi lakwal, makarantar boko ta ƴan Katolika, don ita ce kusa da bariki. Da Allah ya yi mashi rasuwa na kwaso Indo na dawo Dakoro, shi kuwa yaron aka bar shi gidan mushensu, wato malaminsu, wani mutumin Dahome, wai kada karatu ya yanke. Lokacin ko famfara bai gama ba. Damina ta yi ta zuwa tana wucewa. Da fari in an ba su hutu yakan zo ya ɗan kwana ya koma, daga baya ya daina zuwa.

Sai bana wan ubanshi, Malam Sanda, ya kira ni zaure. Ya ce fatake sun faɗa mashi ba karatu ake yi a lakwal ɗin nan ba, yawo ake yi. Yau an kwashi yara an kai su kallon masaƙa, gobe an kai su gudu a fili, jibi ana buga balo da gajeren wando. Ya ce, "Ga shanu na jan guga ba mai kora, ɗanmu yana can yana bin fata mai iska a ciki. Ki tafi ki taho da shi. In kin dawo ke kaɗai, ni zan tafi da kaina, kuma ba da lallashi ba." Na ce to. Amma wallahi ba shanu ne a raina ba. So nake in ga ko yaron nan yana da sauran uwa a zuciyarshi.

Na ƙulle cuku a bakin zane, mai kaurin nan na Buzayen Korahane da yake so tun yana rarrafe, na hau kamyon wani ɗan kasuwar fatu. Hanyar Kornaka kun san ta, rairayi ne zalla. Mu ɗan tafi mu kafe, maza su sauka su tura, mu mata mu sauka mu yi masu sannu. Wani Buzu da ke kusa da ni, duk inda muka kafe sai ya nemi gindin aduwa ya hura gawayi ya ɗora shayi, ko a jikinshi. Na ce, "Kai ba ka turi?" Ya ce raƙuminshi bai taɓa neman ya tura shi ba, ba zai fara da ƙarfen Nasara ba. A Kornaka na sauka gidan wata tsohuwa mai fura, ta ba ni tabarma, ta haɗa mani da labarin duk wanda ya mutu a garin tun tana budurwa. Barci ya ɗauke ni tana kan bayani. Na yi mafarki ina zura guga a rijiyarmu, igiya na ta tafiya, na ta tafiya, ta ƙi taɓa ruwa.

Da na isa Maraɗi aka nuna mani wani dogon gini mai rufin kwano, da ƙararrawa rataye jikin bishiya. Na tarar ana ɗora kaya a kamyo, tukwane, tabarmi, buhun shinkafa, har da balo cikin raga. Yara ko'ina. Cikinsu wani dogo ya ajiye buhu ya tsaya yana kallona. Sai da ya taka na gane shi, tafiyar ubanshi ce sak. Ya zo ya durƙusa ɗan nesa ya ce, "Inna, sannu da hanya." Na kalli bango na ce, "Mutanen gidan ga suna lafiya?" Ya ce lafiya lau. Ya jira, ni ma na jira. Ya tashi ya koma ga buhunshi.

Sai ga wata ƙatuwar mace da ɗaurin kallabi kamar faifai. Ita ce matar mushen, Madam Sesil, wadda yake zaune gidanta. Ta ƙwala mashi kira da sunanshi, ba sau ɗaya ba, ta kamo kanshi ta goge mashi gumi da bakin zanenta. A gaban mutane fa! A gabana! Na ji kamar in shaƙe ta, na kuma ji kamar in roƙe ta ta sake kira, don in ƙara jin sunan.

Babban malaminsu Bature ne mai gemu da farar riga har ƙasa, yara suna ce mashi Momper, wai ubana ke nan da Faransanci. Hausarshi a karkace take, amma tana fita. Ya ba ni kujera na ƙi, na zauna ƙasa, na isar da saƙon Malam Sanda. Ya ja gemu, sannan ya ce da safe za su kai yara Katsina, su ga masu sana'a, su yi wasa da ƴan makarantar can. Ya ce, "Yaron da ke zaune ɗaki ɗaya kullum, ɗakin kaɗai ya sani. Muna fitar da su su ga yadda wasu ke yi, sai su dawo su gane nasu." Na ce a raina, yawo dai sunanshi yawo.

Sai ya ƙara da wata magana. Wai yaron kanshi yana ja, suna so bayan damina su tura shi babbar lakwal ta Yamai, shekara da shekaru. Ya ce, "Na tambaye shi ko za a nemi izini a gida. Ya ce mani ba sai an wahala ba, babu mai nemanshi a can."

Babu mai nemanshi! Ni da ko fura nake damawa sai na rage mashi a ƙwarya, sai ta yi tsami in ba Indo. Ban san sa'ad da bakina ya ce ba, "Kuna da mai tuƙa tuwo a tafiyar ga?" Ya ce Madam Sesil ce kaɗai. Na ce to mun zama biyu.

Haka na tsinci kaina bisa buhun shinkafa, tsakanin tukwane, muna gangarawa kudu. Yaran nan gauraye suke: ɗiyan ma'aikatan Dahome da Togo, ɗiyan gardawan bariki, da namu Hausawa ƴan kaɗan. Mota na tashi suka ɗauki waƙa da Faransanci, wata mai sanyi da ba kiɗi, murya na hawa bisa murya. Ban san ko kalma ɗaya ba, amma ta shiga jikina. Ga iska, ga gonakin gyaɗa na wucewa, ga itatuwa na ƙara tsawo da duhu, irin waɗanda mu nan sai a tatsuniya. Na lumshe ido ina tsintar muryarshi cikin muryoyin. Ta fara kauri, na ce ikon Allah, ashe har ya fara zama namiji ban sani ba.

A Ɗan Isa ƴan duwan, masu binciken kaya a bakin iyaka, suka leƙa tukwanenmu, suka ɗaga murfi ɗaya bayan ɗaya kamar suna neman miya, suka sake mu. Muna ƙetare iyaka mai tuƙi ya karkata mota ya koma hannun hagu. Na yi salati, na riƙe Madam Sesil, na ce mutumin nan ya haukace. Ta yi dariya har da hawaye, wai haka Ingilishi ke tafiya. Na ce to Allah ya shirye su, mutanen da ke farawa da hagu.

A Jibiya aka tsayar da mu. Wani ɗan doka mai jan ɗamara ya karɓi takardar wucewa a hannun Momper, ya dubi yara, ya dubi Madam Sesil, ya zo kaina ya tsaya. Ya ce, "Wannan fa? Ba ta ciki."

Madam Sesil ta ce, "Uwar ɗaya daga cikin yaran ce."

Ya ce, "To baiwar Allah, wanne ne naki? Yaya sunanshi?"

Ƴan'uwa, ku sa kanku a wurina. Ga maza tsaye, ga Bature, ga yara duk sun zuba mani ido, a ce in nuna ɗan farina da yatsa in kira sunanshi a bakin hanya? Wace ɗiyar Dakoro ce za ta yi? Na ja mayafi na ce, "Ni dai mai dafuwa ce. Ba ni da kowa a nan."

Ɗan dokan Bahaushe ne, ya sha nonon uwa irin namu. Ya yi murmushi kawai ya ɗaga mana hannu mu wuce. Shi ya gane. Amma Momper ya dube ni baki sake, Madam Sesil ta yi tsaki ta juya mani baya. Yayan Indo kuwa, da yake tsaye kusa da ni yana riƙe da ƙarfen mota, ya saki ƙarfen a hankali, ya ratsa yara ya koma can ƙarshe ya zauna yana kallon hanyar da muka baro. Sai a lokacin na tuna ya girma cikin mutanen da in uwa ta ce ba ta da kowa, to ba ta da kowa ɗin ne. Aka sake ɗaukar waƙa, na nemi muryarshi na rasa.

A Katsina aka sauke mu wani gida a gefen gari, kusa da ƙaramar majami'arsu. Yara a rumfa, mu mata a ɗakin girki. Abinci kuwa, kada ku tambaya. Madam Sesil ta zuba wani jan mai a tukunya, manja, ta watsa busasshen kifi da barkono kamar tana fushi da wani. Wai ranar Juma'a ba su cin nama. Na ce mu ranar Juma'a muke neman nama, ku ranar kuke gudunshi, to yaushe za mu shirya? Kafin su ci sai su taɓa goshi da ƙirji da kafaɗu. Na saci kallon hannun yaron nan, na ga yana bisa gwiwarshi, leɓenshi ne kawai ya motsa da bisimilla. Na gode Allah. Amma da na miƙo kwanonshi ta hannun wani yaro, ya ture shi gefe, ya tashi ya je ya ɗebo a tukunyar Madam Sesil. Haka ya yi ta yi duk zamanmu. Cukun nan yana ƙulle a zanena har ya fara ba ni wari, na rasa hanyar da zan bi in ba shi.

Muna wanke-wanke Madam Sesil ta kasa haƙuri. Ta ce, "Ke wace irin uwa ce? Ni na yi jinyar yaron nan da ya yi ƙyanda, sunanki yake kira. Yau kin ce ba ki da kowa."

Na ce, "Madam, ɗan fari ne. Mu ba mu kiran sunanshi, ba mu kallonshi cikin ido, ba mu yabonshi gaban mutane. Kunya ce. Uwata haka ta yi wa yayana har ta mutu."

Ta ce, "To shi wa ya faɗa mashi?"

Yo wa ke faɗa? Abin da yaro ke tashi ya gani a gidansu da gidan maƙwabta ne, ba a zaunar da shi a karanta mashi. Shi kuwa bai tashi a gidansu ba.

Yawon dai aka yi shi, kuma zan faɗi gaskiya ko Malam Sanda na ji. An kai su wata tsohuwar hasumiya ta ƙasa, suka hau har bisa. Ni ma na bi su ina haki, na leƙa, ga gari duka a shimfiɗe, hayaƙin girki na tashi gida gida, ga shirwa na shawagi ƙasa da mu. Kaina ya yi juyi mai daɗi, na ji kamar in na saki bango iska za ta kai ni Dakoro. An kai su wurin maƙera, an kai su wurin dukawa. Yaran da a mota ba su san kome ba sai ƙiriniya, sai ga su sun yi tsit suna tambaya, wanga na mene ne, wancan don me. Bayan magariba aka kai mu majigi, aka haska wani farin ƙyalle, sai ga teku. Ruwa ne ba iyaka, yana tasowa yana komawa shi kaɗai, ba guga ba igiya ba sa. Na zauna ina kallo ina tunanin yadda muke kashe rana guda kafin mu shayar da garke. Haske na faɗa wa fuskokin yara, na hango ta yaron nan a can gefe, idonshi a buɗe kamar zai sha ruwan da ido. A nan na san yaron nan ko an ɗaure shi a bakin rijiya ba zai zauna ba.

Balo kuwa an ci su kaca-kaca. Ƴan Katsina da takalma, namu ƙafa tsirara. Shugaban ƴan wasan Katsina, wani saurayi Lawal, ɗan wani marini, ya ga ransu ya ɓaci, ya gayyace su marinar ubanshi. Suka tsoma hannu a baba har gwiwar hannu, suka fito shuɗi shuɗi suna ta ihu. Daga nan aka shiga da mu gidansu cin abinci, ni da Madam Sesil muka taya uwar Lawal rabo.

Matar nan ta bi yara ɗaya bayan ɗaya, sannu ɗana, ci ka ƙoshi ɗana. Da ta zo kan Lawal ta wuce shi kamar ba mutum a wurin, ta ajiye akushi can gefe ta ce wa ƙanwarshi, "A tura wa wancan." Ni ban ga kome a ciki ba. Amma na ga yayan Indo ya tsaya da loma a hannu yana kallo. Ina bayan zana ina ɗauraye ludayi na ji ya matsa kusa da Lawal ya ce ƙasa ƙasa, "Kishiyar uwarka ce?"

Lawal ya ce, "Wace? Ita ta haife ni."

"To me ka yi mata?"

Lawal ya tuntsire da dariya. Ya ce, "Kai wane irin Bahaushe ne? Ni ne na fari. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba." Sai ya sa yatsa ya tona tuwonshi, ya ce, "Amma duba nan." Ga tsoka biyu a binne a ƙasa.

Yaron nan ya ajiye lomar. Ya ɗaga kai yana dube-dube, na san ni yake nema, na ƙara maƙalewa bayan zana. Da muka koma masauki bai zo wurina ba, bai kuma ci na tukunyar kowa ba. Ya zauna gindin bishiya da hannuwanshi shuɗi, yana jujjuya su. Na ce a raina, ya ga na wani, amma bai ga nashi ba. Uwar Lawal ba ta taɓa tsayawa gaban ɗan doka ta ce ba ta da kowa ba.

Washegari, ranar komawa, Momper ya ce tunda an yi wasan Turawa, a yi na ƙasa kuma. Aka ce langa. Kun san ta, kowa ya kama ƙafa ɗaya da hannu ta baya, ya yi ta tsalle da ɗaya, ana ture juna da kafaɗa, wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi ya mutu. Kowane ɓangare da ruwansu, wato wanda ake karewa har ya kai gida. Ashe duk shekarun nan yayan Indo ne ya koya wa ɗiyan Dahome langa a filin lakwal, shi suka sa ruwa. Da na ga ya kama ƙafa ya ɗan sunkuyar da kai, na tuna shi ɗan mitsitsi a bakin dangarmu yana yi da ƴan awaki.

Fili ya cika. Mutanen Katsina na kiran sunayen ƙannensu da ɗiyansu, Madam Sesil na kiran duk yaran lakwal da suna, tana buga murfin tukunya. Momper ya tattare riga yana tsalle kamar ba malami ba. Ni ina can baya gindin ɗorawa, kusa da uwar Lawal, mu biyu mun ja mayafi, kowace tana yi kamar tsuntsaye ta zo kallo.

Wayyo, da kun ga yaron nan! Ba tsalle yake ba, yawo yake bisa iska. Wanga ya taso mashi ya goce, wancan ya taso ya zame, ƙura na tashi, rana na ratsa ta, na daina jin hayaniyar mutane sam. Masu kare shi suka faɗi ɗaya bayan ɗaya har ya rage shi kaɗai. Lawal ya taso mashi da kafaɗa kamar sa, ya kauce, Lawal ya wuce ya sha ƙasa. Ba kowa gabanshi kuma. Ga gida nan, taku kaɗan ya rage.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na ji dai hannuna ya kama hancina, guɗa ta fita. Guɗar Dakoro fa, ba irin ta birni mai gajeren numfashi ba, doguwar nan da ake yi in ayari ya dawo, wadda ake ji daga nan har Rumbu. Uwar Lawal ta ja da baya tana salati.

Shi kuwa ya san muryar. Ya waiwayo da ƙafa ɗaya a hannu, ya gan ni tsaye mayafi a ƙasa, ya saki ƙafar. Ya tsaya da ƙafa biyu, tsakiyar fili, gida na gabanshi.

Aka ce ruwa ya mutu! Ƴan Katsina suka ɗauki ihu. Namu suka ɗora hannu a ka, wani har da birgima. Madam Sesil ta jefar da murfin tukunya ta ce, "Duk kwanakin nan bakinki a ɗinke, sai yanzu?" Shi dai yana tsaye yana kallona, yana dariya, hawaye na wanke mashi ƙura a kumatu. Ni kuma kunya ta dawo mani gaba ɗaya, na suri mayafina na ruga bayan kamyo na ɓuya. Ka ji mace, ta yi wa ɗan farinta guɗa a ƙasar mutane, ta kuma sa an ci su.

A can ya same ni. Ya durƙusa, wannan karon kusa, har ina jin numfashinshi. Ya ce, "Inna, kin kayar da mu." Na kalli ƙafar mota na ce, "Wasu dai ba su iya riƙe ƙafa ba." Ya yi dariya. Na kwance bakin zane na ajiye cukun a ƙasa tsakaninmu, na ce, "Ga wani abu nan ya dame ni da wari, a kai wa mai so." Ya cinye shi tas a wurin, har da ɓarɓashin.

A hanyar dawowa kusa da ni ya zauna, bayanshi jikin buhun da nake kai. Da aka ɗauki waƙa muryarshi ta fi ta kowa. Har mai tuƙi ya koma hannun dama ban lura ba.

Da muka isa Maraɗi Momper ya kira mu. Ya ce, "To, za ki tafi da shi?" Kafin in yi magana yaron ya ce, da Hausa don in ji, "Momper, maganar da na faɗa maka ta Yamai, a gyara ta. Sai an nemi izini a gida. In an ba mu hutu Dakoro za ni, in yi damina a can." Momper ya dube ni. Na ce wa bango, "In an yi damina a gida, mai son Yamai ya tafi Yamai. A bar shi ya ƙarasa karatunshi, da yawon duka." Madam Sesil ta rungume ni har ƙashina ya yi ƙara, ta cusa mani kwalbar manja a kaya. Tana nan a ɗaki, mai so ta zo ta ɗauka.

Ga dalilin da kuka ga na dawo ni kaɗai. Malam Sanda ya yi faɗa har rawaninshi ya kwance. Na bar shi ya gama, na ce, "Malam, in ka je ka jawo shi da igiya, ƙafafunshi za ka kawo. Ka bari ya zo da kanshi." Ya ce in hadarin farko ya taso bai ga yaro ba, ni da shi ne. Na ce na yarda.

Yanzu hadari ya fara haɗuwa gabas. In kamyo ya shigo gari ba ni fita, ba ni tambaya, Indo ce ke rugawa tasha ta dawo ta ce ba shi. Ke kuma Hassu da kike ta cewa me ya sa na ɗauke turmina daga inuwa na kai shi bakin danga cikin rana, inda ake hango hanyar Kornaka, ki bar ni. Ƙasar wurin ce ta fi tauri.